Daɓen da ya ƙi daskarewa

Talata, bayan sallar isha'i.

Ban daɗe da shigowa gida ba, kayan jikina sai warin asiton, ruwan da muke wanke danƙo da shi, suke yi, gwiwoyina kuma sun yi tsami saboda durƙuso. Amma ina so in rubuta abin da ya faru yau tun yana sabo a raina.

Ranar Asabar muka zuba ifoksi, wato shafin nan mai tauri da ƙyalli da ake yi a kan siminti, a daɓen shagon maganin wani Alhaji a Tudun Wadar Kaduna, wuri mai faɗin murabba'in mita 24. A ƙa'ida bayan awa 24 mutum zai iya takawa a hankali, bayan kwana 7 kuma ya gama ƙanƙarewa a ɗora masa kaya. Yau kwana uku, da sassafe Alhaji ya kira ni, muryarsa ba daɗi.

"Malam, ka zo ka ga aikinka. Silifas ɗina ya maƙale a bakin ƙofa."

Na ɗauki yarona a babur muka tafi cikin yayyafi. Tun daren Asabar ɗin ake ta marka, rana ba ta leƙo ba. Muna isa na tarar ya jera fanka biyu suna ta kaɗawa tun jiya. Na san da kyakkyawar niyya ya yi, don kowa ya saba da fentin bango, wanda iska ke shanye ruwansa ya bushe. Shi ifoksi ba bushewa yake ba. Ruwa biyu ne, na gwangwanin A da na gwangwanin B, idan sun gauraya daidai sai su kama juna su zama abu mai tauri. Inda ba su haɗu ba, ko shekara za a yi ana masa fifita, danƙo zai ci gaba da zama.

Na cire takalmi na sa leda a ƙafa, na bi ɗakin ina danna farcen babban yatsa. Sai na gane ashe cuta biyu ce. Tsakiyar ɗakin da can ƙurya sun yi tauri, farce ba ya shiga, sai dai saman ya yi wani maiƙo-maiƙo kamar an shafa kakin zuma, ƙyallin ya dushe. Wannan na san shi. Idan iska ta cika laima, sinadarin amin da ke cikin ruwan B yakan taso sama ya haɗu da danshi da iskar kabon, ya bar wannan dauɗar. Maganinsa ruwan ɗumi da ɗan sabulu da soso mai kaushi. Tina, ruwan tsinka fenti, ba ta fitar da shi yadda ya kamata, yaɗa shi take yi. Na gwada a gefe guda, na goge da tsumma, sai ga daɓe garau a ƙasa. Na yi hamdala.

Bakin ƙofa ne ya karya mini zuciya. Wajen murabba'in mita 3, farce na lumewa kamar a cingam, wani wurin ma har zare yake ja. Ina tsugune ina kallon yadda tabon ya yi layi-layi, sai na tuna. Nan ne muka ƙare aiki ranar Asabar, kaya sun kusa ƙarewa, magariba ta gabato. Ni da bakina na ce wa yaron ya kife bokitin a ƙasa, ya kankaro abin da ya maƙale a jiki da gindinsa don kada a yi asara. Abin da ke manne a jikin bokiti shi ne wanda muciya ba ta kai gare shi ba, ruwan A ne kusan zalla. Na san haka sarai. Na sha faɗa masa a juya na minti 3, ana kankare gefe da gindi, a juye a bokiti na biyu a sake juyawa, kuma kada a taɓa kife bokiti a kan daɓe. Amma a ranar nan gaggawa ta ci ni, garin neman gira muka rasa ido.

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Maigida, ni ne ban juya da kyau ba." Na ce masa a'a, umarnina ya bi. Haka na maimaita a gaban Alhaji, don ba na so ya tashi da tunanin cewa idan aiki ya ɓaci ƙarami ake ɗora wa laifi.

Alhaji ya ce, "To Malam, ba sai a shafa masa ruwan B ɗin a sama ba, ya kama?" Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba zai shiga ciki ba." Mutane da yawa suna ɗauka ƙara ruwan B yana sa saurin daskarewa. Awon da kamfani ya rubuta a jikin gwangwani, namu biyu na A ɗaya na B, shi ne kaɗai ke aiki, ƙari ko ragi duk laushi suke kawowa. Rufe shi da sabon shafi ma ya fi muni, sama zai yi tauri, ƙasa na motsi, wata rana a ja kanta a kai ya tsage ya ɓare. Da sanyi ne ya jawo, irin na hunturu, da na ce a ɗumama ɗakin a jira. Wannan sai an cire.

Daga ƙarfe 10 har la'asar muna durƙushe da makankari. Muna kankarowa muna zubawa a kwali, har muka wuce iyakar laushin da kamar taƙi guda zuwa inda ya yi tauri sosai. Sannan muka bi da asiton a tsumma, muna canza tsumman akai-akai. Na sa an buɗe ƙofa da tagogi, an kashe janaretan da ke bakin shagon, don tururin asiton ƙyas ɗaya yake jira. Safar hannu da takunkumi kuwa ban yarda yaron ya cire ba. Da ɗan danƙon ya taɓa masa damtse ya miƙa hannu zai ɗauki tina, na hana shi, na ce sabulu da ruwa. Ɗanyen ifoksi yana sa borin fata, kuma wanda jikinsa ya fara ƙin sa da wuya ya iya ci gaba da sana'ar nan.

Bayan la'asar muka wanke sauran ɗakin sau biyu, muka bi gefen ramin da samfefa mai kaushi don sabon ya sami abin kamawa. Kafin mu tashi na manna leda da salatif a kan simintin da muka tone. Idan gobe na ga gumi a ƙarƙashinta, daɓen na da ruwa, sai mun dakata. Na kuma auna kaɗan daga ragowar gwangwanayen a kofin roba, na juya sosai, na taho da shi gida don in gwada ko kayan da kansu lafiya suke.

Na faɗa wa Alhaji kuɗin sabon kaya a wuyana yake. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya sa a gama lafiya." Buɗe shagon da ya shirya yi Juma'a ya koma mako mai zuwa, kuma wannan ya fi kuɗin damuna.

Kofin na nan a kan taga. Na taɓa shi yanzu, ya fara tauri.