Tabon da Ke Bayan Beluga

Na yi watanni ina zaune gaban kwamfuta ina kallon bayan beluga, farar dabbar tekun nan mai shayar da 'ya'yanta nono. Baya kawai nake gani, domin ruwan mashigin Cook Inlet da ke Alaska jagwalgwalalle ne da lakar da ƙanƙarar tsaunuka ke niƙowa. Dabbar na nutsewa, shi ke nan ta ɓace. Mai ɗaukar hoto ba ya samun komai sai ɗan doron da ya leƙo kafin ƙiftawar ido.

Beluga ba ta da fiffiken baya irin na dolfin, don haka da tabo ake gane kowace ɗaya. Wani tabon farfelar jirgin ruwa ce ta yanka, wani sawun haƙoran oka ne, wata babbar dabbar teku mai farautarsu, wani kuma ramin da na'urar bin sawu ta bari bayan ta faɗi. Tun 2005 ake tara hotunan nan, na gefen dama daban, na hagu daban, saboda tabon dama ba ya faɗa maka komai game da hagu.

Ban daɗe da fara aikin ba na ci karo da wani tabo mai kama da ƙugiya. Nan take na haɗa shi da wata uwa da aka jima da sani, har ina jin kaina a sama. Shugabar aikinmu ba ta ce uffan ba, sai ta ƙara girman hotunan biyu ta jera su. A ɗaya ƙugiyar na gaban tudun doro, a ɗayan tana bayansa. Kunya ta rufe ni. Abin da raina ke so ne idona ya nuna mini.

Ga shi fatar ma ba ta zama yadda ka bar ta. Suna saɓa duk shekara, ƙananan ƙarce su goge. Jariran kuwa da launin toka ake haihuwarsu, sai a hankali su yi fari cikin shekaru, alamunsu na sauyawa.

Da garken belugar Cook Inlet na da yawa, da kuskurena bai taka kara ya karya ba. Amma a 1979 sun kai kusan 1,300, a 2008 Amurka ta sa su cikin dabbobin da ke gab da ƙarewa, ƙiyasin 2022 kuma 331 ne. Ka haɗa biyu su zama ɗaya, ka kashe guda a takarda. Ka raba ɗaya gida biyu, ka haifi wadda babu ita. Mafi muni, ka ba wata uwa ɗan da ba nata ba, lissafin tazarar haihuwarta ya rikice.

Daga ranar, jakar "ba a tantance ba" ta zama wadda na fi cikawa. Mai ƙugiyar nan tana ciki har yanzu, gefen hagu kaɗai, sai ko in an sake dacewa da ita a bakin kogin Susitna, mai kwarara cikin Cook Inlet, lokacin da kifin salmon ya shigo.