Abin da aiki da masu galaktosimiya ke koyarwa game da haihuwa

Galaktosimiya cuta ce ta gado, daga uwa da uba duka. A nau'inta mai tsanani, jikin mai ita ya rasa sinadarin GALT da ke sarrafa galaktos, wato sukarin da ke fitowa daga madara. Da zarar an gano ta a jariri ana yaye shi daga nono da madarar dabba, a koma madarar waken soya, kuma wannan kan ceci hanta da rai. Darasi mai ɗaci shi ne, ƙaurace wa madara ba ya kare ma'ajiyar ƙwan mace. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na mata masu nau'inta mai tsanani kan gamu da gazawar ƙwai da wuri, ko da an kiyaye abinci tun ranar farko, domin jiki da kansa yana ƙera galaktos. Don haka bai dace a ɗora wa uwa laifin sakaci ba.

Lokaci ne ke kuɓuce wa mutane. Idan yarinya ta kai shekara 12 babu alamar ƙirgar dangi, ko 14 haila ba ta daidaita ba, a auna FSH (sinadarin da ke zaburar da ma'ajiyar ƙwai) da estradiyol (babban nau'in estrojin, sinadarin mace da ma'ajiyar ke fitarwa) a jini. FSH ya hau, estradiyol ya faɗi, ma'ajiyar ce ke gazawa. Akan fara ba da estrojin kaɗan kaɗan, ana ƙarawa cikin shekara 2 zuwa 3, sannan a haɗa da projestaron, wani sinadarin mace da ke kare bangon mahaifa, don estrojin shi kaɗai yana kaurara bangon mahaifa fiye da kima. Jinkiri kuwa ƙashi ne ke biyan kuɗinsa, ga rashin estrojin ga ƙarancin kalsiyom saboda barin madara. Shi ya sa ake duba kalsiyom da bitamin D, a kuma auna ƙarfin ƙashi.

Kalmar da ya kamata ma'aikacin lafiya ya kiyayi furtawa ita ce "ba za ki taɓa haihuwa ba". Ma'ajiyar takan yi aiki jefi-jefi, kuma an samu mata da yawa da suka ɗauki ciki ba tare da wani taimako ba, har da waɗanda gwajin AMH ɗinsu (gwajin jini da ke kimanta ƙwan da ya rage) ya yi ƙasa sosai. Wannan gwajin ba ya yanke hukunci a nan. Gaskiyar da za a faɗa mata ita ce damar ta ragu amma ba ta ƙare ba, kuma mai son haihuwa kada ta yi ta ɗagewa. Wadda ba ta shirya ba tana bukatar hanyar tazarar haihuwa ta daban, domin maganin cike gurbin estrojin ba ya hana ɗaukar ciki.