Mita 180 tsakanin ɗakuna biyu

Tsakanin ɗakunan saba (manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanai) guda biyu na cibiyar bayanan da nake aiki akwai mita 180, idan aka bi duk kwanar da waya ke yi. Shekara da shekaru muna haɗa su da gudun gigabit 10, da ƴan na'urorin nan masu aika haske da karɓarsa da ake cusawa a bakin suwic, wato akwatin da ke haɗa kwamfutoci da juna. Namu na gajeren zango ne, 10GBASE-SR, a kan faiba (wayar gilashi mai ɗaukar haske) nau'in OM3 wadda ke kai mita 300 a wannan gudun. Ko sau ɗaya ba su ba mu ciwon kai ba.

Da aka ce a ɗaga zuwa gigabit 100, na ɗauka canjin na'ura ne kawai. Na sa aka kawo 100GBASE-SR4 guda biyu na gwaji, tunda SR muka saba da shi, ga sauƙin kuɗi, ga ƙarancin cin wuta. Ina zare murfin roba na ga baki ɗaya mai faɗi, ba ramuka biyun da na sani ba. Kan wayarmu LC ne, mai zare biyu, ita kuwa MPO take so, mai zare takwas masu aiki, huɗu na aikawa huɗu na karɓa. Na koma takardar bayananta, sai na tarar da wadda ta fi wannan: a kan OM3 iyakarta mita 70, a kan OM4 mita 100. A kan OM3 ɗinmu ko rabin hanya ba za ta kai ba.

A nan ne na zauna na fahimci dalili, kuma na so a ce tun farko na yi haka. Cikin faibar gajeren zango faɗinsa maikiron 50 ne. Hasken leza mai nanomita 850 idan ya shiga, hanyoyi da yawa yake bi, wani ya miƙe, wani ya yi ta karo da gefe, don haka ba sa isa tare. Kowane bugun haske sai ya baje kaɗan. A gigabit 10 akwai sarari tsakanin bugu da bugu, bajewar ba ta cika damuwa. Amma SR4 gigabit 25 take turawa a kowane zare, sararin ya tsuke, bugu ya fara hawa kan ɗan'uwansa tun tafiya ba ta yi nisa ba. Faiba mai siririn ciki kuwa, maikiron 9, hanya ɗaya tak haske ke da ita. Shi ya sa LR, na'urar dogon zango da ke aiki da irin wannan faibar, da haskenta na nanomita 1310, ke cin kilomita 10.

Ashe tambayar ba ta na'ura ba ce, ta wayar da ke shimfiɗe ce. Muka ja sabuwar OS2, wato faibar nan mai siririn ciki, mai riga ruwan ɗorawa. Ita kanta wayar ba ta da tsada, na'urorinta ne ke da ita. Na auna na'urori biyu na gigabit 100, LR4 da CWDM4: dukansu launin haske huɗu suke haɗawa a zare ɗaya, dukansu LC suke karɓa, sai dai CWDM4 kilomita 2 take kaiwa kuma ta fi araha. Biyan kuɗin kilomita 10 saboda mita 180 ɓarna ce, don haka CWDM4 muka ɗauka. A kula, ba a haɗa LR4 a wannan gefe da CWDM4 a wancan, launukan haskensu ba ɗaya ba ne.

Daren da muka kunna, layin ya tashi amma kurakurai na ta taruwa. Na duba ƙarfin hasken da suwic ke nunawa, gefe ɗaya ya gaza ɗayan sosai. Na cire kan wayar, na ɗora shi a madubin duba faiba, sai ga ɗigon ƙura zaune daidai tsakiya. A rami mai maikiron 9, wannan ya isa. Na goge shi da alƙalamin gogewa, na sake dubawa, na mayar, lissafin kurakurai ya tsaya cak.

A cikin layin rak ɗaya (kantocin da ake jera na'urori a ciki) har yanzu SR nake sawa, ko ma wayar tagulla idan mita biyu ko uku ne. Amma duk wayar da za ta fita daga ɗaki zuwa ɗaki, yanzu OS2 nake rubutawa, kuma nakan sa a ja da zaren da ya fi buƙatarmu ta yau.