Gardamar kilif a Beaulieu

Da sanyin safiyar wata Asabar ta Satumba muka hau jirgin ƙasa a tashar Waterloo ta Landan, ni da Kawu. Bayan kamar awa ɗaya da rabi muka sauka a Brockenhurst, tasi ta ratsa da mu dajin New Forest, inda dawakai ke kiwo sakaka har kan kwalta, direba ya tsaya su gitta. Beaulieu muka nufa, wanda 'yan garin ke kira Biyuli. Nan gidan adana motoci na ƙasar yake, kuma tun 1967 ake cin kasuwar tsofaffin kayan mota a filinsa.

Kawu ya shekara talatin yana kanikanci a Kaduna. Da ya hango fitilu da kafireto da sitiyari baje a ƙasa, sai ya ce Panteka ce aka ɗauko aka dasa kan ciyawa.

Can gefe muka tarar da wata Jaguar E-Type koriya, bonet a ɗage. An fara nuna samfurin nan a Janeba cikin Maris 1961, kuma wannan tana cikin kusan 500 na farko, waɗanda makullin bonet ɗinsu ke waje. Dattawa biyu sun duƙa kan injin, muryoyi sun fara tashi. Na ɗauka ciniki ne. Ashe kan kilif ɗin da ke ɗaure tiyon lagireto ake ja-in-ja, abin da bai kai awarwaron jariri ba.

Ɗaya daga cikinsu, mai sanye da farar hula, ya dage cewa masana'antar Jaguar ta Browns Lane da ke Coventry kilif ƙirar Cheney take sawa a lokacin, wannan kuwa ƙirar Jubilee ne. Ya kuma haska tocila a gindin kwayil, mai ba fulogi wuta, ƙirar kamfanin Lucas, inda kamfanin ya buga wata da shekarar ƙira. Lambar ta nuna an ƙera shi bayan motar ta bar masana'anta. Mai motar bai musa ba. Ya ce mahaifinsa ne ya canza su da hannunsa, wata rana da ta tsaya musu a hanya, shi yana yaro a kujerar gefe, kuma ba zai cire su ba ko alƙalan gasa za su rage masa maki.

Zuciyata ta karkata ga mai motar. Amma ban iya raina mai farar hula ba, domin irinsa ne suka hana tarihin motocin nan ya zama ƙila-wa-ƙala.

Na ce, "Kawu, kai wa ka ba gaskiya?"

Bai amsa ba. Ya sa yatsa ya shafa kilif ɗin, ya miƙe. Sai da muka zaga rumfuna da dama ya tsuguna gaban wani kwano cike da tarkace, ya yi ta tono har ya zaro Cheney guda, duk tsatsa, ya biya.

A jirgin komawa ya kwance hankicin da ya ƙunshe shi, ya ce, "Ɗana, Fijo 504 nawa na kwance wa kayan asali na zuba wa 'yan gwangwan? Ko ɗaya ban taɓa juyawa na karanta abin da ke jikinsa ba." Ya matsa kusa da taga, yana goge tsatsar da farce har harufan suka fito.