Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Lokacin da Aka Damƙa Mini Rola

A makon jiya na tsaya a inda maigidana a sana'ar fenti ya ɗauke ni daga wankin bokiti da gogar bango da samfefa, ya ba ni buroshi in riƙa bin gefen taga da ƙofa. Wannan karon zan kawo yadda na kai ga rola, wato abin shafa fentin da ake mirginawa a bango, domin a wurinmu ba a lissafa yaro cikin ma'aikata sai ranar da aka bar masa bangon falo shi kaɗai, aka tafi wani ɗakin ba tare da an waiwayo shi ba.

Aikin da ya zama sanadi gidan wani ango ne a cikin birnin Kano, ana sauran mako guda mata su zo jere, ga ɗakuna da falo duk ba a yi musu fenti ba. Da buroshi kaɗai ba za mu gama ba, saboda haka maigida ya ce in bi shi Kasuwar Ƙofar Ruwa mu sayo roloji. Kafin mu fita sai ya zagaya ɗakunan yana shafa kowane bango da tafin hannunsa, ya umarce ni in yi haka nan. Bangon falo da na ɗakin amarya an yi musu shafen fawti, wato kwaɓin da ake daidaita bango da shi, an goge, sun yi sumul, amma na kicin da na baranda filastar siminti ce tsagwaronta, mai kaushi da ƙananan ramuka. Ya ce mini bango ne yake zaɓen rola, mai fenti biyan kuɗi kawai yake yi, kuma har yau ban ga dalilin saɓa masa a kan wannan ba.

Abin da ake dubawa shi ne tsawon gashin rigar rolar. Mai gajeren gashi, kamar milimita 6, ita ce ta bango mai santsi, saboda tana shimfiɗa fenti siriri ba ta barin tabo. Mai matsakaicin gashi, milimita 10 zuwa 12, ita ce ta yau da kullum, da ita ake shafa fentin ruwa a mafi yawan ɗakunanmu. Mai dogon gashi kuwa, wadda ta kai milimita 18 ko ta wuce, tana ɗaukar fenti da yawa tana cusa shi cikin ramukan filasta, sai dai idan aka ɗora ta a kan bango mai santsi za ta bar shi da ƙurji kamar bayan lemo, ta kuma yi wa mai aiki feshi a fuska. Ta soso ana ajiye ta ne domin fentin mai a kan ƙyaure da katako, ita ma idan aka matsa mata sai ta tayar da kumfa. Ta fuskar faɗi, mai inci 9 ce ta bango, ƙaramar mai inci 4 kuma ta bayan ƙofa da wuraren da babbar ba ta shiga.

A shagon na ga maigida yana jan gashin kowace rola da yatsunsa, wadda ta tsige ya mayar, sannan ya murza ta a kan ƙarfenta ya ga ko tana juyawa ba tare da tangaɗi ba. Mai shago ya so ya tura mana wata mai araha, maigida ya ƙi, ya ce abin da aka rage a kuɗin rola a bango ake biyansa, a tsaya ana tsintar zare ɗaya bayan ɗaya cikin ɗanyen fenti. Da muka dawo ya sa na wanke sababbin da ruwa na matse su, domin sako-sakon gashin ya fita, rigar kuma ta ɗan yi laima ta fi karɓar fentin ruwa.

Daga baya ne na karanta cewa wannan na'ura ba ta daɗe a duniya ba. Wani mutumin Toronto ta ƙasar Kanada mai suna Norman Breakey ake danganta wa ƙirƙirarta a wajen shekarar 1940, kuma bai ci moriyarta sosai ba, domin wasu sun kwaikwaye ta sun cika kasuwa da ita. Mu da muka taso muna ganin iyayenmu mata suna shafa farar ƙasa da tsumma gabanin Salla, mun san irin wahalar da ta ɗauke wa mutane.

Ranar farko maigida bai bar ni na taɓa bango ba sai da na iya ɗibar fenti. Ba a tsoma rola cikin bokiti. Ana zuba fenti a farantinsa, a taɓa ta kaɗan, a mirgina ta a kan tudun farantin har fentin ya zagaye ta daidai, ba ya ɗiga. Sannan a fara da yanke gefe da buroshi, wato ƙarƙashin silin da kusurwoyi da kewayen makunnin lantarki, bango ɗaya kawai, a bi shi da rola tun bai bushe ba, in ba haka ba za a ga bango da wani zobe mai launi daban. Ana ɗora rola a ɗan nesa da kusurwa, a zana siffar harafin W a fili kamar mita ɗaya, a cike tsakaninsa ba tare da an ɗaga ta ba, a ƙarshe a sauko da ita daga sama zuwa ƙasa da hannu marar nauyi, kowane layi ya ɗan hau kan na baya. Abin da ya fi yi wa sabon hannu wuya shi ne haƙurin komawa faranti, domin idan fenti ya ƙare a rola zuciya tana raya wa mutum ya danna, dannawar kuma ita ce take fitar da layuka biyu a gefe da gefe waɗanda hasken taga yake tona wa asiri. Maigida yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kai yaro, sake ta, ba dambe kake yi da bangon ba." Ya kuma ɗaura mini sanda a mariƙinta, na huta da hawa tsani, layukana suka miƙe daga sama har ƙasa.

Lokacin hunturu ne, iska busasshiya, fenti yana kamewa tun kafin a kai ƙarshen bango. Dole muka rufe tagogin da ƙura take shigowa, muka kuma ƙa'idance cewa wanda ya fara bango ba ya tsayawa, ko da an kawo abinci, sai ya kai kusurwa. A nan ne wasu suke kuskuren tsuga wa fenti ruwa don ya yi auki. Ruwa kaɗan yana taimaka wa shafawa ta farko, musamman a sabuwar filasta mai shan fenti, amma idan ya wuce abin da aka rubuta a jikin bokitin, bango zai riƙa zuba gari a jikin rigar duk wanda ya jingina. Lissafin da na koya a gidan shi ne, lita ɗaya ta fenti mai kyau tana rufe kimanin murabba'in mita 10 a bango mai santsi, saboda haka ɗaki mai ƙafa 12 da 12 yana cin galan biyu na lita 4 idan za a shafa sau biyu, a bar sa'o'i kamar huɗu a tsakani. Bango mai kaushi ya fi haka ci.

Da yamma wankin roloji a kaina yake: a fara kankare ragowar fentin a mayar bokiti, a wanke da ruwa har ya fito fari tas, wadda ta sha fentin mai kuma da kananzir, sannan a rataye su, domin wadda aka kwantar gefenta yana danƙarewa. Idan hutun Azahar ne kawai, leda muke naɗe su da ita. Muka gama ana gobe jere, kuma da Alhaji mahaifin ango ya zo dubawa ya tambayi wanda ya yi falo, maigida ya nuna ni. Tun daga aikin da ya biyo baya ya ƙara mini kuɗin yini, ya kuma haɗa ni da wani ƙaramin yaro da zai riƙa wanke mini bokiti.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin kwangilar farko da na karɓa da kaina.