Mako na uku: yadda nake fama da "ya ce" a Turanci

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan koyo. Yau mako 3 ke nan ina kan babin isar da maganar wani a Turanci. Sai daren jiya, ina zaune a ƙofar gida nan Mabera saboda zafi ya hana shiga ɗaki, na gano inda gizo ke saƙar.

Ashe daga Hausarmu nake ɗauko kuskuren. Idan ƙanena ya ce "Ina zuwa," zan je in gaya wa Inna, "Ya ce yana zuwa." Mai maganar kawai na sauya, lokacin aikatau yana nan inda yake. Turanci galibi bai yarda da haka ba. Da zarar ka fara da "he said", yawanci sai aikatau ya ja baya taki ɗaya: "I am coming" ya koma "He said he was coming." Haka will ke komawa would, can ya koma could, "I have eaten" ya zama "he had eaten". Kwana da kwanaki ina rubuta "he said he is coming" ina ganin daidai ne, don a kunnena na Bahaushe babu abin da ya ɓace.

Kalmomin lokaci ba su wahalar da ni ba. Mu ma idan rana ta wuce ba ma cewa gobe, washegari muke cewa. To haka tomorrow ke zama "the next day", yesterday kuma "the day before".

Tambaya ce ta fi kayar da ni. Mai kabu-kabu ya tambaye ni inda za ni, na ce bari in gwada da ita. "Where are you going?" Na rubuta "He asked me where was I going." Kuskure ne. Tambayar da aka isar ta daina zama tambaya, saboda haka I ke riga was zuwa, kuma babu alamar tambaya a ƙarshe: "He asked me where I was going." Idan amsarta e ko a'a ce, sai a kawo if ko whether, wato "ko" ɗinmu na "ya tambaya ko na ci abinci."

Ku kula da said da told ma. Told sai da wanda aka gaya wa, "she told me", amma babu "she said me".

Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne gaskiyar da ba ta sauyawa an yarda a bar ta yadda take: "Malam said the sun rises in the east."

Yanzu kullum bayan Isha'i nakan rubuta jimla 10 daga abin da na ji an faɗa a gida ko kasuwa, in juya su. Jiya 7 suka fita daidai, sauran 3 duk tambayoyi ne. Mako mai zuwa in sha Allahu zan shiga umarni, irin "Sit down" da ke komawa "He told me to sit down." Wanda ya riga ni zuwa wurin, don Allah ya taimaka mini da misalan "Don't".