Mahaya talatin da ɗaya, kowane da fayil ɗinsa

Sana'ata tace bidiyo ce, a wani ƙaramin shago da ke Sabon Gari a nan Damagaram, kuma mafi yawan abin da ake kawo mini hoton biki ne da suna da walimar saukar karatu. A da, mai biki faifai guda yake karɓa ya tafi gida, a taru a gaban talabijin a kalla tun daga ɗaurin aure har kai amarya. Yanzu kuwa a waya ake kallo, kuma kowa wurin da fuskarsa ta fito yake nema. Bayan sallar da ta wuce wani dattijo daga Birni ya kawo mini katin kyamara mai ɗauke da hawan da aka yi a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, kusan awa biyu, ya ce: "Malam, ba fim guda nake so ba. Kowane mahayi a ayarinmu a ware masa nasa da sunansa a jiki, domin ƴan uwa na Agadas da na Kano suna jira." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, an gama," alhali ban ma ƙirga mahayan ba. Da na ƙirga sai na samu talatin da ɗaya.

Hanyar da na saba ita ce in sa alama a farkon guntu da ƙarshensa, in fitar, in zauna ina kallon kwamfuta har ta gama, sannan in koma kan na gaba. Ga guntu uku ko huɗu wannan ba ya da wani aibu, amma ga talatin da ɗaya yana nufin mutum ya ɗaure kansa a kujera yini guda, ba don aikin yana da wuya ba, sai don duk bayan minti kaɗan na'urar tana jiran hannunsa.

Da DaVinci Resolve nake aiki, manhajar kamfanin Blackmagic Design wadda ke da nau'in kyauta. A shafinta na Deliver, inda ake fitar da aiki, akwai zaɓi biyu a jere: ɗaya yana fitar da dukan fim a dunƙule, ɗayan kuma yana fitar da kowane guntu a fayil ɗinsa. Da na ga na biyun sai na ɗauka kakata ta yanke saƙa, na danna shi, na tafi sallar magariba. Da na dawo na tarar da fayiloli sama da ɗari a folda. Dalili kuwa shi ne manhajar ba ta san mahayi ba, yanka kawai ta sani. Duk wurin da na sa almakashi domin cire girgizar kyamara ko ƙurar da ta rufe hoto, a wurinta sabon guntu ne, saboda haka mahayi guda ya tarwatse gida huɗu ko biyar. Sunayen da na rubuta a layin da ke saman na hotuna a manhajar ba su hau kan hotunan ba, sautin tambari da algaita da na shimfiɗa a ƙarƙashi domin ya rufe hayaniyar taro shi ma bai biyo su ba, haka nan narkewar hoto daga wannan zuwa wancan ta ɓace.

Laifin nawa ne, domin ba don irin aikina aka yi wannan zaɓin ba. An yi shi ne don mai gyaran launi wanda zai mayar wa mai tacewa da hotuna ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ma ake iya ƙara wa kowane guntu ɗan rara a kai da gindi. Yana da amfani ƙwarai idan kowane guntu a kan layin aiki abu ne cikakke, kamar a ce an ɗauki gaisuwar mutum ashirin ana so a gyara haske kawai a ba kowa tasa. Ko a nan ma akwai tarko guda: idan duk guntayen daga doguwar ɗauka guda aka yanko su, kuma aka ce su ɗauki sunan asalinsu, to suna ɗaya za su samu, wanda ya fito daga baya ya danne wanda ya riga shi. Sai an kunna zaɓin da ke ba kowane fayil suna na daban kafin a tsira.

Abin da ya fisshe ni shi ne layin jira. Na bar zaɓin a kan fim dunƙule, na danna harafin I a farkon mahayi na ɗaya da harafin O a ƙarshensa, na rubuta sunan fayil, amma maimakon in fitar nan take sai na jefa shi cikin layin jira, na wuce kan na biyu. Cikin ƙasa da awa guda na jera ayyuka talatin da ɗaya, na zaɓe su duka, na danna maɓallin fitarwa sau ɗaya. Kowane fayil ya fito da sunan mahayinsa a jikin hoto da kiɗansa, domin a wannan hanyar manhajar tana ɗaukar duk abin da ke tsakanin alamomin biyu, daga layin sama har na ƙasa. Masu tacewa da manhajar Premiere Pro suna da kwatankwacin haka: a mayar da kowane sashe ƙaramin jeri da Shift da U, a ba shi suna, a zaɓe su gaba ɗaya a tura su Adobe Media Encoder, manhajar fitar da bidiyo da za ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda kwamfutarsa ta tsufa kuma, manhajar Shotcut ba ta da nauyi, kyauta ce, kuma tana iya fitar da kowane abu da aka jera a jerin kunnawa a fayil na daban.

A ganina, inda hankali ya fi dacewa a zuba shi ne wajen suna, ba wajen dannawa ba. Ina fara kowane suna da lamba mai gida biyu, wato 01, 02, har 31, domin wasu talabijin da ƴan na'urorin kallo suna jera 10 a gaban 2 idan babu sifiri. Ina kuma barin haruffanmu masu lanƙwasa, ɗ da ƙ da ɓ da ƴ, a jikin hoto kawai, ba na sa su a sunan fayil, tun ranar da na ga sun koma akwatuna a wata tsohuwar talabijin. Kwanan wata ma da ƴar gajeriyar sanda nake raba shi, saboda Windows ba ta karɓar karkatacciyar sanda ko ɗigo biyu ko alamar tambaya a sunan fayil.

Sai lissafin nauyi, wanda ba shi da wuya. Megabit 8 a daƙiƙa daidai yake da megabait 1 a daƙiƙa, don haka guntu mai minti 2 da aka fitar a kan wannan ma'auni zai kai megabait 120, talatin da ɗaya kuma su tasam ma giga 3.7. Wannan ya yi wa kile, wato ƴar ma'ajiyar USB, daidai, kuma da yake fayilolin a rarrabe suke, iyakar giga 4 da tsarin ajiya na FAT32, da ake samu a kile da yawa, ya sa wa fayil guda ba ta shafe su ba. Amma ga ƴan uwan da za su sauke ta WhatsApp da kuɗin intanet ɗinsu, na sake jera wani layin mai tsayin hoto 720 da megabit 3, inda kowane guntu ya tsaya a megabait 45. Duka biyun MP4 ne mai tsarin matse bidiyo na H.264, wanda kusan kowace waya take buɗewa. Kafin in saki layin gaba ɗaya nakan fitar da guda tak in tura wayata in kalla, domin kuskuren da ke cikin saitin farko zai maimaitu sau talatin da ɗaya.

Idan ba gyara ake so ba, yanka kawai, kamar doguwar ɗaukar tafsirin azumi da za a raba tambaya-tambaya, manhajar LosslessCut nake buɗewa. A kan FFmpeg, wata manhajar sarrafa bidiyo, aka gina ta, kuma kwafe sassan take yi ba tare da sake matse hoton ba, saboda haka aikin awa guda yakan ƙare cikin ƴan daƙiƙu kuma inganci ba ya raguwa. Sai dai ba ta iya farawa daidai inda aka ga dama, sai daga cikakken hoto mafi kusa, shi ya sa nake bar wa kowane sashe ɗan fili a farko.

Da dare na saki layin mahayan, bayan isha'i, domin a zafin Afrilu da Mayu na garin nan, da yakan haura maki 40, kwamfuta tana rage gudu da kanta idan ta yi zafi. Wuta ta ɗauke ana kan na sha tara, amma da yake na adana aikin kafin in danna, goma sha takwas na farko suna nan lafiya, na goge rabin fayil ɗin da ya lalace, na ci gaba daga nan da asuba.

Kwana biyu bayan dattijon ya karɓi kile ɗinsa sai ga shi ya dawo da waya a hannu, ya ce: "Malam, na goma sha bakwai ɗin nan ƙanen mai sunan ne, kayan dokinsu ne iri ɗaya." Na ba shi haƙuri, na gyara sunan, na mayar da wannan aikin shi kaɗai cikin layin jira, sauran talatin ban taɓa su ba. Kafin ya gama shan ruwan da yaron shago ya kawo masa, fayil ɗin ya shiga wayarsa.